Yini ɗaya a Birnin Damagaram, ga mai tasowa daga Maraɗi

"Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, mazaunin Maraɗi. Tun ina ɗan lakwal nake jin labarin ganuwar Damagaram da fadar Sarki, amma ban taɓa wuce Tasawa ba. Ina so in zo da maiɗakina da ɗanmu mai shekara 12, mu ga Birni mu koma gida a ranar, don ba ni da masauki a can, kuma ɗinkin mutane ba ya bari in yi nisa. Ba na son a haɗa ni da masu yawo da baƙi, na fi son in tafi da ƙafata. Yini ɗaya zai isa? Wace rana ta fi, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Madalla da wannan niyya, Allah ya cika maka ita. Tambayarka guda ce a baki, amma uku ce a ciki: ko hanyar Maraɗi zuwa Damagaram za ta rage maka lokacin ganin wani abu, ko baƙo zai iya shiga Birni ba ɗan rakiya, da kuma abin da ya kamata a sa a gaba idan awoyin ba su da yawa. A Birni aka yanke mini cibiya. Na yi shekaru ina koyar da tarihi a makarantun garin nan kafin in ajiye alli, kuma 'yan makaranta da baƙin da na zagaya da su lungunan nan ba su ƙirguwa. Da abin da ƙafata ta taka zan amsa maka.

Yini ɗaya zai isa, amma da sharaɗi biyu. Ka zo don Birni kaɗai, kada ka ce sai ka ga Zinder, wato garin Damagaram, duka. Sannan ka sauke hoton ganuwar da ka ɗauko a kanka tun kana yaro, don ba ita za ka tarar ba.

Ganuwar da ake faɗa

Zinder gari uku ne a haɗe. Akwai Birni, inda sarauta take. Akwai Zango, inda ayarin Abzinawa da fatake suke sauke kaya tun zamanin raƙuma. Sai Sabon Gari a tsakaninsu, wanda ya girma a zamanin Nasara, can ofisoshi da manyan shaguna suke. Wanda kake nema shi ne na farkon, kuma ƙarami ne, mutum mai lafiya zai ratsa shi da ƙafa ba tare da ya nemi abin hawa ba.

Gidan sarautar Damagaram tushensa daga Barno yake, daga wani malami da ake kira Malam Yunus, a ƙarni na 18. Sarakunan farko sun yi ta sauya mazauni, sai a farkon ƙarni na 19, zamanin Sarki Sulaiman, gadon sarauta ya zauna a Zinder. Wanda ya mai da garin abin tsoro da kwarjini shi ne ɗansa Tanimu, wanda ya shekara 30 da 'yan kai yana mulki har zuwa 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙeran garin nan suka zuba masa igwa. Dukiyar da ya yi wannan aiki da ita daga hanyar fatauci ta fito, wadda ta taso daga Kano ta bi ta nan zuwa Agadas har Tarabulus, ana fitar da fatu da gashin jimina, da kuma bayi. Ban taɓa ɓoye wa ɗalibaina wannan na ƙarshen ba, kai ma kada ka ɓoye wa ɗanka. Turawan da suka ga ganuwar a 1899 sun rubuta cewa tsayinta ya kai mita 9 zuwa 10, da ƙofofi 7. Tsofaffi kuma suna ba da labarin cewa an binne Alƙur'anai da 'yan mata a cikin ginin don kada a ci garin. Labarin baka ne, za ka ji shi a Birni ko ba ka tambaya ba, ka karɓe shi a matsayinsa na labarin baka.

Yau abin da ya rage guntaye ne, nan tudu can ɓarin katanga, wani wurin ma gidan mutane ya jingina da ita har ba ka gane ina ganuwa ta ƙare ina gida ya fara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Kowace shekara bayan damina sai an sake shafe shi, kuma katanga mai wannan girma sai sarki mai ikon kiran gayya. Da mulki ya koma hannun Nasara, ganuwa ta rasa mai ita. Ruwa ya ci rabonsa, masu gini suka ɗebi ƙasarta, gari ya faɗaɗa ya haye ta. Na sha ganin baƙo ya tsaya gaban wani tudu na jar ƙasa yana cewa, "Malam, wannan ce?" Ita ce. In ka riga ka san haka tun daga gida, ba za ka ji an cuce ka ba, kuma kaurin gindinta kaɗai ya isa ya nuna maka abin da ta taɓa zama.

Akwai rashi na kusa da ya kamata ka sani. Tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina tsakanin 1850 da 1852, ya rushe a farkon watan Satumba na 2024 bayan ruwan sama mai yawa. Na je wurin washegari. Azara ta fito daga cikin tarin ƙasa kamar haƙarƙari, dattijai suna tsaye ba mai cewa uffan, wani tsoho da na sani tun ina yaro yana ta juya carbi yana share ido da bakin rawani. Tun 2006 aka sa Birni da masarautar cikin jerin wuraren da Nijar ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, amma takarda ba ta tare ruwan Agusta. Shi ya sa nake ce maka kada ka yi ta ɗaga tafiyar nan.

Hanya ita ce mai cin yinin

Tsakanin Maraɗi da Zinder kusan kilomita 240 ne a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya. A motar haya, da tsaye-tsayen sauke fasinja da shingayen jandarma, ka ƙiyasta awa huɗu. In kun tashi ƙarfe shida na safe, wajen goma za ku iso. Don ku isa gida kafin dare ya yi nisa kuwa, dole ku bar Zinder tsakanin uku da rabi da huɗu. Kenan awa biyar zuwa shida ke hannunku, kuma su ne mafi zafi a yinin. Wannan shi ne ainihin matsalar tafiyarka, duk sauran shiri a kansa zai hau.

Manyan motocin kamfani da ke tasowa daga Yamai da asuba sai bayan rana ta raba suke isa Maraɗi, saboda haka ba su yi maka ba wajen zuwa. Ka je tasha kwana ɗaya kafin tafiyar, ka tambayi wadda ke tashi daga Maraɗi kanta da sassafe, ka yanki tikiti tun ranar. Kuɗin mota yana hawa da sauka da farashin mai, bakin mai sayar da tikiti ya fi nawa a wannan. Ƙananan motoci irin Hiace sun fi yawa, amma ba su da agogo, cika ce agogonsu. Ni kaina an taɓa ce mini "saura mutum ɗaya, Malam" tun ƙarfe bakwai, ba mu bar tasha ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma aikin da na je yi ya wuce ni. Kafin ka biya, ka leƙa cikin motar ka ƙirga kujerun da idonka. In kana da hali, ko akwai wani maƙwabci mai irin niyyarka, ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar ƙaramar mota zuwa da dawowa. Ya fi tsada, amma ku ke da lokacinku, kuma kuna iya tashi da an sallame asuba ku iso kafin tara.

Shawarar da na fi so kuwa, ko da ka ce ba ka da masauki, ita ce ku taso da yamma ku kwana a Zinder. Akwai gidajen baƙi masu sauƙin kuɗi a Sabon Gari. Aikinka na yini ɗaya ne dai zai tsaya, amma ka samu Birni da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da inuwa ke da tsawo, mata na shara, almajirai na karatu, rana ba ta fara duka ba. Wanda ya ga Birni a wannan lokaci da wanda ya gan ta ƙarfe sha biyu ba gari ɗaya suka gani ba. In ba zai yiwu ba, ba laifi, abin da zan faɗa nan gaba na mai isowa ƙarfe goma ne.

Kada ku yi barci a mota, musamman bayan Tasawa, don tarihin da ka zo nema a kan kwaltar nan yake farawa. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu ta kuma ƙone Birnin Ƙonni, ta wannan yanki ta biyo. A watan Yuli sojojinsu suka juya musu suka kashe su, kaburburansu suna Maijirgi, garin da za ku ratsa. Ragowar rundunar ta ci gaba gabas, kuma a ƙarshen watan ta haɗu da mayaƙan Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini, wanda za ku wuce bayan Takeita, dab da Zinder. Faransawa sun zo da fansar Kaftin Kazamaju, wanda aka kashe a Zinder a watan Mayu na 1898. A Tirmini aka karya Damagaram, Sarki ya fita daga gari, aka kashe shi a watan Satumba. Ka nuna wa yaron wuraren nan ta taga. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a aljihu na kusa, yaron kuma takardar haihuwa ko katin makaranta, don za a tambaya a hanya.

Wace rana, wane wata

In da zaɓi, ka zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Sanyin hunturu yana ba mutum damar tafiya da ƙafa har azahar, sai dai ƙura, wadda wani lokaci takan rufe gari har duwatsu su ɓace. Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma duwatsun da ke cikin Birni suna riƙe zafin su mayar maka da shi. Ba zan ba mai mace da yaro shawarar yawon rana a watannin nan ba. Damina tana da kyan gani, amma Agusta lokacin faɗuwar katanga ne, lunguna suna riƙe ruwa, masu gida kuma hankalinsu na kan rufinsu.

Batun rana, biyu ke takara. Alhamis ce babbar ranar kasuwar Zinder, mutanen ƙauye suna shigowa da dabbobi da hatsi da tukwane, motoci ma sun fi samuwa. Amma kai mutumin Maraɗi ne, ba na jin kasuwa ce za ta ba ka mamaki. Ni Juma'a zan ce maka. Ranar ce fada take cika, masu sarauta suna zuwa gaisuwa, dogarai suna cikin ja da korensu, ana fitowa masallaci cikin shiga. Kai da allura ce sana'arka, ranar za ka ƙoshi: aska biyu, aska takwas, malum-malum, alkyabba, ɗinkin hannu na da wanda keke bai taɓa ba. Illar Juma'a ita ce fadawa suna da aiki, ba lalle a samu mai shiga da ku ciki a natse ba. In zagaya cikin fada ce babbar buƙatarka, ranar Litinin ko Talata ta fi. Lokacin Sallah kuma ana hawa mai kyan gaske, sai dai cunkoson mutane da wahalar mota ba su dace da mai komawa a ranar ba.

Ka fara da ƙofar fada

Daga tasha ku hau adaidaita, ku ukun a guda, ka ce a kai ku ƙofar fadar Sarki a Birni. Ku yi ciniki kafin ku hau. Ka tanadi canji tun daga Maraɗi, 'yan dala ashirin, dala hamsin da dala ɗari, don takardar jika biyar ba ta da amfani a lungu.

Na ji ka ce ba ka son masu yawo da baƙi, kuma na fahimce ka. Ba ka buƙatar kamfani, ba ka buƙatar wanda zai haddace maka jawabi. Hausa kake ji, Musulmi ne kai, ka san yadda ake sallama a zaure, ka riga ka fi Bature mai taswira nisa. Amma tafiya da ƙafarka daban, tafiya ba ɗan gari daban. Baƙo ko da ido makaho ne. Birni ba gidan kallo ba ce, unguwa ce da mutane ke kwana suna tashi, kuma mafi kyan abin da ke cikinta yana bayan ƙofar wani. Shi ya sa nake cewa ka fara da fada: nan ake sanin baƙo ya shigo, nan kuma ake samun wanda zai buɗe maka sauran ƙofofin.

Da kun sauka, kada ka ɗaga waya. Ka nufi dogaran da ke zaune a ƙofa, ka yi sallama, ka gaishe su da kyau, ka tambayi lafiyar Sarki, sannan ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. "Daga Maraɗi muke, na kawo yaro ya ga gidan tarihi" ta ishe ka. Galibi za a haɗa ku da wani bafade ya shiga da ku inda aka yarda baƙo ya shiga. Ku cire takalma inda aka ce, maiɗakinka ta yafa mayafinta sosai. Ginin ƙasa ne na ƙarni na 19 da aka sha yi wa gyara, ka lura da kaurin bango, da yadda zaure ke kai ka wani zaure ba tare da ka hango cikin gida ba, da sanyin da ke ciki ko da rana na ƙuna a waje. Ka ɗaga kai ka dubi rufin, yadda aka jera azara aka ɗaure bakan gizo. In Allah ya sa kun yi katari da fitowar Sarki, ka rusuna ka yi jinjina, ka ce Allah ya ja zamanin Sarki, ka bar dogarai su amsa.

Nan iyakata take, ƙanena: ba ni da ikon yi maka alkawarin za a shiga da ku. Gidan sarki ne mai rai, wata rana akwai baƙi, wata rana shari'a, wata rana rasuwa. In an ce yau ba hali, ka yi godiya, ka roƙi a haɗa ka da yaron da ya san unguwa. Wanda ya zagaya da ku kuma a sallame shi da abin goro. Ni nakan ba da jika ɗaya ko biyu gwargwadon lokacin da ya ɓata, in damƙa masa a hannu ba a idon jama'a ba.

Cikin lunguna

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu za ka ba wannan, kuma nan ne zuciyar tafiyar. Lungunan Birni ƙanana ne, suna lanƙwasa suna kewaye manyan duwatsu, wani gidan ma dutse ne bangonsa guda. Ka ce a nuna maka guntayen ganuwa, da wurin tsohon masallaci, da gidan da Heinrich Barth ya sauka. Bajamushen nan, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso Zinder a ƙarshen 1852, ya yi wata guda yana jiran kaya da guzuri, sannan ya nufi Katsina da Sakkwato har Tambutu. Akwai alama a jikin gidan.

Amma abin da nake so ka tsaya a kansa shi ne fuskokin gidaje. Ka dubi zanko a saman soro, da indararo, da zanen da magina suka yi a kewayen ƙofar zaure tun yaɓe yana ɗanye. Wani an bar shi da launin ƙasa, wani an shafa masa fari da shuɗi da kore. Ka matsa kusa. Za ka ga dagi, za ka ga aska, za ka ga sarƙaƙƙiyar da kake zanawa a gaban riga. Magini da maɗinki daga rijiya ɗaya suke sha. Na taɓa tsayawa da 'yan ajina wurin wani tsohon magini yana gyaran fuskar zaure bayan damina. Ba zane a takarda, ba ma'auni. Ya mari bango da curin ƙasa, ya lailaye da tafin hannu, ya tsoma yatsa biyu a ruwa ya ja layi ɗaya tun daga sama ya murɗa shi ya dawo da shi inda ya faro, bai ɗaga hannu ba. Wata yarinya ta tambaye shi yadda ya san inda zai juya, ya ce mata hannun ne ya sani, shi rakiya yake yi. In kun tarar da mai irin wannan aiki, ku bar duk sauran shirin ku tsaya.

Maganar hoto, a nan baƙi suka fi yin kuskure. Zaure ba kango ba ne, akwai mai shi, sau da yawa yana zaune daga ciki yana kallonka kai ba ka ganinsa saboda duhu. Ka yi sallama, ka gaisa, ka yaba ginin, sannan ka nemi izini. Da wuya a hana ka, sau da yawa ma za a shimfiɗa maka tabarma a ba ka tarihin gidan tun daga kakan kaka. Mata da 'yan mata ba a ɗaukarsu sai sun yarda. Zuwa da iyali kuma riba ce gare ka, don inda kai za ka tsaya a zaure, maiɗakinka za a ce ta shigo ciki, ta ga tsakar gida da ɗakuna da jeren da kai ba za ka taɓa gani ba. Ka bar ta ta shiga, ta ba ka labari a mota.

Wuri ɗaya ne zan ja maka kunne a kansa da ƙarfi. Za ka hango tsohuwar kagara a kan dutse, wadda Faransawa suka gina bayan sun ci garin suka sa mata sunan Kazamaju. Zinder ce babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926, kafin a koma Yamai. Yau kagarar barikin soja ce. Ka dube ta da ido, ka ba yaron labarinta, amma kada waya ta fito daga aljihu, kada kuma ku hau dutsen da ke fuskantarta don neman hange. A halin da ƙasa take ciki, hoto ɗaya zai iya cinye muku yinin a wurin amsa tambayoyi.

Ku riƙe ruwanku. Ƙarancin ruwa tsohon ciwon Zinder ne, yana ma cikin dalilan da aka bayar na ɗauke babban birni daga nan, kuma har yau akwai unguwannin da 'yan garuwa ne famfonsu. Za a ba ku ruwa a duk gidan da kuka shiga, don ba a hana baƙo, amma ka san saye aka yi. In an miƙo buta don alwala, a yi tattali.

Daga azahar zuwa tasha

Da rana ta take, ku daina yawo. In Juma'a ce, ku nemi wuri da wuri a babban masallacin da ke kusa da fada, ka zauna inda za ka ga shigowar masu sarauta. In wata rana ce, ku yi azahar a masallacin unguwa, ku nemi inuwa. Fura da nono ta fi komai dacewa da wannan lokaci, sai shinkafa da wake ko ɗan balangu ga mai jin yunwa sosai. Yaro ya huta ko da rabin awa ne, in ba haka ba kuka za ku kwasa a hanyar komawa.

Abin da ya rage bai fi awa ɗaya ba, wuri ɗaya zai ɗauka. Akwai gidan tarihi na jiha, akwai majema inda ake jeme fata da bagaruwa, akwai Zango da tsofaffin gidajen attajiranta, cikinsu har da na Malam Yaro, babban ɗan kasuwar ƙarshen ƙarni na 19. Akwai kuma Mirya mai tukwane da kasuwar Lahadi, kilomita 18 gabas, amma wannan ka cire ta daga lissafi, ta wata tafiyar ce. Da ni ne kai, wurin dukawa zan nufa. Aikin fatar Zinder sananne ne, kuma tela zai gane kyan ɗinkin jaka da takalmi da kube fiye da kowa. Ka juya kayan ka dubi bayansu kamar yadda kake yi wa riga, ka yi ciniki a natse. Daga nan a sayi alkaki na tsaraba, don in kun koma Maraɗi ba shi za a ce ba ku zo Damagaram ba.

Ƙarfe uku ta same ku a tasha. Tikitin komawa tun isowarku da safe ya kamata ka tambaye shi, kafin ma ku hau adaidaita. In biyar ta yi mota ba ta cika ba, kada ka yi gardama da dare saboda ɗinkin gobe. Tafiyar dare a hanyar nan, da manyan motoci da amalanke marasa fitila da dabbobi masu tsallaka kwalta, ba abin da zan so wa iyalina ba ne. Tashoshin manyan kamfanoni suna da wurin da fasinja ke shimfiɗa su kwana, ku yi asubanci ku kama hanya.

In kuwa kun tashi a kan lokaci, za ku iso Tirmini da sauran haske. Ka sa yaron ya zauna ta taga, in ya yi gyangyaɗi ka tashe shi ya sake duban wurin, don da safe ya wuce shi bai riga ya ga fadar da aka yi yaƙin dominta ba.